Zauna Mu Yi Maganar Taya

Ɗana, labari ya iso mini cewa motar ta zo hannu, har ka fara jigila tsakanin Giyawa da Goronyo, wata rana kuma ka bi ta Achida ka shiga Sakkwato. Allah Ya sa alheri, Ya tsare gaba da baya. Na san masu ba ka shawara sun yi yawa a kwanakin nan. Wani ya ce ka kula da baƙin mai, wani ya ce kada ka ba kowa aro. Duk gaskiya suka faɗa. Ni tawa maganar a ƙasa take, can inda mota ke taɓa hanya.

Ba faɗa zan yi maka ba. Na san halin da ake ciki. Kuɗin sabuwar taya yau ya isa ya sa magidanci ya yi tagumi a bakin shago. Kuma abin yana da asali. A da ana ƙera taya a ƙasar nan. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, ya rufe ta a 2007. Dunlop na Ikeja ya bi sahu a 2008. Rashin wutar lantarki ya gajiyar da su, ga kuma harajin shigo da taya daga waje da aka sassauta. Tun daga nan kusan duk tayar da ke ƙarƙashin motocinmu ta jirgin ruwa take zuwa, da dala ake sayo ta. Da darajar naira ta faɗi a 2023, sai farashin ya tashi sama bai waiwayo ba. Shi ya sa direbobi suka koma wa ta hannu, wadda wasu ke ce wa Baljiyam, wasu 'yar Kwatano. Tana cikin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, amma ka san yadda iyakokinmu suke. Ban ga laifin talakan da ya saye ta ba. Neman sauƙi ba zunubi ba ne. Ina dai so ka san abin da kake saye.

Ka tambayi kanka, me ya sa mai ita a can ya cire ta? Bature ba ya jefar da abu don yana sonmu. Ko dai zanenta ya kusa ƙarewa, ko ta tsufa, ko daga motar da ta yi hatsari aka ciro ta. Wata kuma tayar hunturunsu ce. Wannan ita ta fi yaudarar direbobinmu, don zanenta zurfi gare shi, sai ka ji ana cewa ai wannan haƙoranta ba su taɓu ba. Ka duba gefenta. Idan ka ga hoton ɗan dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, to don sanyi aka yi ta. Robarta laushi gare ta, don ta kama hanya lokacin da ƙanƙara ke zuba. Kai kuwa kwaltar da za ka hau a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura 40 a ma'auni, ko takalmi sai ya ji a jikinsa. Irin wannan taya nan da nan take cinyewa, kuma in ka taka birki ba ta tsayar da kai inda ka zata.

Kai ɗan ƙasar albasa ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ka san yadda albasar da ta daɗe a ajiya take. Ɓawonta ja wur, tana ƙyalli, sai ka matsa ka ji cikin ya lalace. To haka roba take. Ko ba a taɓa ɗaura ta a mota ba, kwanaki suna cin ta. Tana bushewa, tana tauri, zaren da wayar da ke ciki suna sakin jikin robar a hankali. Daga waje ba za ka gani ba, balle in mai shago ya wanke ta ya goga mata mai tana sheƙi.

Sai dai Allah Ya taimake mu, kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. Ka durƙusa, kada ka ji kunyar ɓata wando. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefe, ka bi haruffa da lambobin da ke biye har ƙarshe. Za ka tarar da lambobi huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3522, an yi ta ke nan a mako na 35 na shekarar 2022, wajen ƙarshen Agusta. In ka ga 0818, mako na 8 ne na 2018. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga su, don haka in ba ka gani ba ka juya ta. In ka ga lambobi uku ne, to tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ta yiwu ma ta girme ka. In kuma ka ga an kankare wurin, ko an ƙona shi an sake bugawa, ka yi wa mai shagon godiya ka wuce. Ba sai kun yi musu ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke ce wa Rod Sefti, ta daɗe tana faɗa cewa taya shekara huɗu gare ta daga ranar da aka ƙera ta. Wasu manyan kamfanonin taya sun fi haka sassauci. Suna cewa in ta kai shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta na nan. Amma su ba su san hanyar Rabah da rana tsaka ba, ba su san lodin ranar kasuwa ba. Ni dai a ganina, mai ɗaukar rayukan mutane a irin zafinmu ya tsaya kusa da maganar hukumar, ya fi masa. Kuma ko sabuwa ce dal cikin leda, ka duba lambar. Akwai wadda ta yi shekara uku a sito kafin ta iso gare ka. Cikakken kuɗi za ka biya, a ba ka ragowar kwana.

Akwai wasu dabaru biyu da nake so idonka ya saba da su. Na farko, tayar da ta suɗe sai a sa wuƙa mai zafi a sake sassaƙa mata zane. Ka kalli ramin zanen da kyau. Na kamfani sumul yake, kuma a cikinsa nan da can akwai 'yan tudun roba ƙanana da aka bari da gangan. Tsayinsu milimita 1.6 ne. Ranar da saman taya ya yi daidai da su, ta gama aikinta. Wadda aka sassaƙa kuwa, ramin a karkace yake, 'yan tudun sun ɓace, wani lokaci har ka hango zare a ƙasa. Na biyu, wasu masu shigo da kaya kan cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a cikin ɗaya, don kwantena ta ɗauki da yawa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irinsu a Legas. Sababbi ne, amma an murɗe su tun a hanya. Ka shafa bakin tayar, wurin da take kama rim. In ka ji ya lanƙwashe ko ya yage, ko ka ajiye ta a ƙasa ka ga ba ta zauna daidai ba, ka bar ta. Sannan ka zura hannu ciki ka zagaya. Tafin hannu yakan ji facin da ido bai gani ba.

To ina sauƙin yake? Ga inda nake ganinsa. Ka rage wa kanka kuɗi a wajen suna, kada ka rage a wajen shekaru. Ba dole sai Michelin ko Bridgestone ba. Akwai tayoyin China da Indonesiya da Tailan da kuɗinsu bai kai na waɗancan ba, kuma suna aiki daidai gwargwado. Sabuwar taya mai matsakaicin suna, wadda aka ƙera bara ko bana, ta fi mini tsohuwa mai babban suna wadda ta sha shekara bakwai a wata ƙasa. Ka zauna da tsofaffin direbobin tasha, waɗanda suka yi shekaru suna bin hanyar nan. Ka tambaye su wacce ce ta fi jure musu. Su ba talla suke yi ba, aljihunsu ne ya koya musu. Kuma ka yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Wadda ka saya rabin kuɗi ta yi maka wata uku, da wadda ka saya cikakken kuɗi ta shekara, wacce ce mai tsadar? Ban ma sa kuɗin faci da yinin da za ka rasa a bakin hanya ba. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Ni na ƙara da cewa wani lokaci ma ba ta araha.

In kuwa hali ya matsa, babu yadda za ka yi sai ta hannu, to ka saya da ido buɗe. Mai ƙarancin shekaru, wadda ba ta hunturu ba, babu tsaga a gefe, babu kumburi, babu faci a kuiɓi. Ka matsa gefenta da ƙarfi, in ka ga ƙananan tsage-tsage sun buɗe, ta bushe. Kuma ka riƙe a ranka cewa ta wucin gadi ce, kafin ka tara.

Tarawar ma ba wuya in an fara da wuri. Taya ba kamar hatsari ba ce da ke zuwa babu sallama. Tun ranar da ka ɗaura ta ka san za ta ƙare. Ka riƙa cire wani ɗan abu daga cinikin kowace rana, ka ajiye da sunanta, ko ku yi adashi da abokan aikinka. In ku uku ko huɗu kuka haɗa kuɗi kuka je wajen dila ɗaya a Sakkwato, ragin da zai yi muku ya fi wanda zai yi wa mai sayen ƙwaya ɗaya. Ka karɓi rasit, ka sa ya rubuta lambar shekarar a kai. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Sai maganar lambobin girma. A gefen tayarka za ka ga wani abu kamar 175/70 R13 82T. Na farkon faɗi ne, 13 ɗin girman rim ne. Waɗannan kowa ya sani. Wanda ba a kula da shi shi ne 82 ɗin nan. Shi ke faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka, kuma 82 na nufin kilo 475. Da 88 ne, kilo 560 ke nan. Da 91 ne, 615. Yanzu ka lissafa da kanka. Motar Golf ita kaɗai, babu kowa a ciki, tana wajen tan ɗaya. Ka zuba mutum biyu a gaba, huɗu a baya, ga ka na bakwai. Sannan a buɗe but a jera buhunan taki, kowanne kilo 50, a ɗaure da igiya murfin na sama. Nauyin nan ba rabon adalci yake yi tsakanin tayoyi huɗu ba. Na baya biyu su ke shan wahalar. Na san ranar Lahadi, in kasuwar Goronyo ta tashi, da wuya ka kalli mai kaya ka ce masa a'a, wataƙila ma surukinka ne. Amma buhu biyun nan na ƙarshe, kuɗin da za su kawo maka bai kai kuɗin tayar da za su ci ba. In za ka saya, kada ka yarda a ba ka mai lambar da ta gaza wadda motar ta zo da ita. Mai bas kuma ya nemi mai harafin C a ƙarshen lambar girma, ita aka yi don kaya.

In kuɗinka na biyu ne kawai, ka sayi biyu iri ɗaya, ka sa su a baya, na bayan in da sauransu su dawo gaba. Na san za a yi maka gardama a tasha. Za a ce ai gaba ke jan mota, gaba ke da sitiyari. Haka ne. Amma in ta gaba ta ba ka matsala, sitiyarin na hannunka, kana iya lallaɓa ta. In ta baya ce ta saki, gindin motar ne ke juyawa, kuma babu abin da ke hannunka da zai riƙe shi. Kamfanonin taya da kansu haka suke ba da shawara.

Yanzu mu zo wajen mai faci. Mutumin nan abokin sana'arka ne, ka girmama shi, ka biya shi hakkinsa ba tare da ja-in-ja ba. Yana yini cikin rana yana dukan ƙarfe don na abinci. Amma kada ka ajiye masa mota ka tafi shan shayi. Ka ja benci ka zauna kusa, kuna hira kana kallo. Wasu tayoyin suna da kibiya a gefe, tana nuna inda za su riƙa juyawa. Wasu an rubuta OUTSIDE a gefen da zai kalli waje. In yaron shago ne ya ɗaura, yana iya juya ta bai sani ba. Ka sa a canza bawul duk lokacin da aka sa sabuwar taya, kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ma roba ne, yana tsufa. Ka duba rim, in ramin hanya ya lotsa bakinsa a gyara kafin a ɗaura. Wajen ɗaure noti, a bi su a gicciye, wannan sannan mai fuskantarsa, ba a bi su a jere ba. Kada a sa dogon bututu a hau kai da ƙafa ana tsalle. Ranar da za ka kwance shi kai kaɗai a daji za ka gane dalili. In ka yi tafiyar kamar kilomita 50, ka tsaya ka sake taɓa su.

Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Babbar jif ce, ba irin taka ba. Binciken Rod Sefti ya nuna tayar baya ce ta fashe, gudu ya wuce ƙima, direba ya danna birki da ƙarfi, kuma an tarar ba a ɗaura tayoyin yadda ya kamata ba. A watan Afrilu na shekarar, likitoci shida daga Jihar Ekiti da ke tahowa taro a nan Sakkwato suka rasu a wannan hanyar, su ma taya ce ta fashe. Za ka ji ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Iska kuwa, ita ce mafi arha a duk abin da na lissafa maka, kuma sakaci da ita ya fi kashe taya. Masu faci da yawa lamba ɗaya suke ba kowa, arba'in ko hamsin, wani ma da ɗan ƙarfe zai ƙwanƙwasa ya ce ta yi. Motarka tana da nata adadin. A Golf galibi yana cikin murfin tankin mai, a wasu motocin yana jikin ƙofar direba. Za ka ga kashi biyu, na mota babu kaya da na cikakken lodi. Lambar da ke jikin tayar kanta iyaka ce, ba ita ake bi ba. Ka sayi ɗan geji naka ka ajiye a mota, don na bakin hanya da yawa sun gaji. Ka auna da safe kafin ka fita, lokacin tayar na da sanyi.

Ga wani abu da na ga direbobi na yi da kyakkyawar niyya. Rana ta take, sun yi tafiya, sai su tsaya su rage iska wai kada taya ta fashe. Ɗana, kada ka yi. In taya ta yi zafi iskarta takan ɗan ƙaru, kuma masu ƙera ta sun san da haka. In ka rage, sai gefenta ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya ninku a ciki, har robar ta rabu da wayar. Tayar da iskarta ta gaza ta fi saurin fashewa a kan doguwar hanya. Ga ta da shan mai, a wannan zamani da lita ta zama abin da ta zama.

In ƙusa ta shiga ta tsakiyar zane, a cire tayar a yi mata faci ta ciki, za ta ci gaba da aiki. In kuwa a kuiɓi ne ta yage, ko ta yi ƙulu, babu facin da zai mayar da ita. Za a ce maka a ɗinke a sa tif a ciki. Ka ce na gode. Ka ba masu yin takalmi ko guga, su ci moriyarta. Haka kuma in ka ga gefe ɗaya na cinyewa ya bar ɗayan, ko sitiyari na jan ka gefe, ba laifin tayar ba ne. Ƙafar motar ce ta goce, ramukan hanya sun yi aikinsu. In ka shiga birni ka kai a yi maka alaimen. In ba haka ba, sabuwar da ka sha wahalar saye za ta bi sawun tsohuwar cikin 'yan watanni.

Safaya kuma, kada ta zama wurin ajiye tayar da ta mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka auna iskarta tare da sauran, ka tabbata jak na ɗagawa, sifana na kama notinka. Ka san yadda hanyoyin gabashin Sakkwato suka zama ta fuskar tsaro a shekarun nan. Tsayuwar rabin awa a daji bayan la'asar ba irin ta da ba ce, kuma ba kai kaɗai ne a motar ba, akwai matan mutane da 'ya'yansu.

In duk da haka wata rana ka ji ƙara, motar ta fara jan gefe, ƙafarka za ta nemi birki da kanta. Ka hana ta. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙe hanya, ka sassauta totur a hankali, ka bar motar ta rage gudu don kanta. Sai ta lafa sannan ka taɓa birki sannu-sannu ka gangara gefe. Wannan yana yiwuwa ga mai tafiya a kan 80, wanda shi ne iyakar da doka ta ba motar haya a irin hanyoyinmu. Ga mai 120 abu ne mai wuya. Fasinjoji za su ɗauki salati, ka bar su su yi, kai idonka na kan hanya. In ta tsaya, ka fitar da kowa su matsa nesa da kwalta, ka ajiye alama can baya yadda mai tahowa zai gani da wuri, ka sa dutse a ƙafar da ba ta fashe ba, sannan ka ɗauko jak.